A Maska, Sai Mun Gani a Gonar Maƙwabci

Mu mutanen Maska ba a koya mana noma da baki. Malamin gona zai zo, a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, ya yi ta bayani daga la'asar har a kira magariba, mu yi masa godiya, mu raka shi bakin babur ɗinsa. Mun ji kuwa, ba wai ba mu ji ba. Amma da wuya ka samu wanda ya sauya ko kunya ɗaya a gonarsa saboda wannan zama. Sai ranar da mutum ya kama hanyar gona, ya hangi masarar maƙwabcinsa ta yi baƙi, ganye faffaɗa, kara ya yi kauri, alhali tasa ta yi fari ta tsumbure. A nan ne zai jingine keke, ya tsallaka iyaka, ya tsuguna ya duba gindinta. Da dare a majalisa sai ka ji ya ɗauko zancen daga nesa: "Alhaji, ta bakin hanyar nan fa tubarkalla. Me ka zuba mata ne?"

Ni ban ga laifin wannan hali ba. Mutumin da damina ɗaya ce duk jarinsa, ga iyali cike da gida suna jiran abin da zai kawo, ba zai yi gwaji da abincinsu don kawai wani ya iya tsara magana ba.

Da haka ma masara ta shigo mana. Ku tambayi duk wanda ya haura shekara sittin. Da can dawa ce da gero da gyaɗa, sai auduga, wadda ta ɗaga Funtua tun da jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920, ga kuma injin gurza na kamfanin BCGA. Masara 'yar bayan gida ce, a shuka layi biyu kusa da turken awaki, yara su gasa. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Aka yi hanyoyin karkara, aka buɗe shagunan taki da iri, gwamnati kuma ta ɗauke mafi yawan kuɗin takin. Dattawa suna ba da labarin yadda aka riƙa gudun farin takin nan da farko, ana cewa gishiri ne, zai ƙone gona. Da aka ga abin da ya yi a gonar wane da wane, kowa ya bi sahu. Haka aka sake yi bayan ƙungiyar Sasakawa ta shigo Najeriya a 1992: ɗan fili a bakin hanya, ƙwaya ɗaya a rami, tazara daidai, a tona a binne taki. Ba wanda aka tilasta wa, ido ne ya yi aikin.

Shekara hamsin ke nan muna kan wannan hanya, kuma ta ciyar da mu, ta aurar da 'ya'yanmu, ta kai da yawa Makka. Manyan motocin da ke lodi a kasuwar Dandume har Kudu suke kai masarar nan. Amma zancen da ya fi yawa a majalisa yanzu shi ne ƙasa ta gaji. Kowa ka taɓa sai ya ce takin da yake isar gonarsu a zamanin mahaifinsa, yau ko ya ninka shi ba ya ganin abin da aka saba gani.

In kana son ka gane abin da ake nufi, je gona bayan ruwan farko. Ɗebi ƙasa a tafin hannu a ƙarƙashin ɗorawa, inda ganye ke zuba shekara da shekaru, awaki ke hutawa da rana. Za ka ji ta da sanyi, baƙa-baƙa, tana marmashewa, ga ƙamshi, wani lokaci har da tana a ciki. Yi taku ashirin zuwa tsakiyar gona ka sake ɗiba. Wannan fara ce, in ta jiƙe ta yi caɓi, in rana ta buge ta ta yi ɓawo a sama har tsiro ya sha wuya kafin ya fasa, ruwa kuma in ya sauka ba ya shiga, gudu yake yi. Gona ɗaya ce, ruwan sama ɗaya. Bambancin shi ne can ana mayar wa ƙasa da wani abu, nan kuwa ɗauka kawai muke yi.

Ku duba fa yadda muke. Tsaba mu kai rumbu ko kasuwa, wannan dole ne. Kara mu kwashe mu yi danga, mu yi girki, ko mu sayar wa masu kiwo. Harawar wake da ta gyaɗa mu ɗaure mu ɗora a kan rufi. Ko totuwa ba ta tsira, makamashi ce. Ɗan abin da ya rage kuma, bazara na yi mu tattara mu cinna masa wuta, mu tsaya muna jin daɗi gona ta yi fes. A cikin hayaƙin nan sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya yake tashi sama, tokar kuma iskar bazara ta yi gaba da ita. Da an bar karmamin nan a tsakanin kunyoyi, gara ta ci ta shigar da shi ƙasa, an huɗe sauran da ruwan farko, da shi ne zai tare ƙarfin ɗigon ruwa, ya kuma rage wa ƙasa zafin rana.

Kamfa mai 15-15-15 sinadari uku ne a cikinsa, yuriya kuwa ɗaya ne, kashi 46 cikin ɗari. Babu wanda ke ɗauke da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba a cikinsu, alhali su ne ke sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe ruwa, ta riƙe shi kansa takin kada ruwa ya wanke shi. Wani dattijo a unguwarmu kan ce wa 'ya'yansa: "Takin buhu shayi ne, takin gida tuwo. Ban hana ku shan shayi ba, amma ba a wuni ana huɗa da shi kaɗai."

Shayin nan kuma ya yi tsada. A 2017, ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa, naira 5,500 aka sayar da buhu. Yau ya ninka haka sau da yawa, musamman bayan cire tallafin fetur a 2023 da karyewar naira. A 2025 farashin masara ya faɗi, na taki bai sauko ba, har sai mutum ya sayar da fiye da buhun masara kafin ya ɗauki buhun taki ɗaya. Duk da haka ba na cikin masu cewa a watsar da takin zamani. Wanda ya ce a noma masara a ƙasarmu yadda take yanzu ba tare da shi ba, bai taɓa ciyar da gida ba. Abin da nake cewa a haɗa shi da na gida, kuma a daina ɓarnatar da shi. Yaranmu sukan barbaɗa yuriya a saman ƙasa da tsakar rana don su gama da wuri, rana da iska su ci kasonsu kafin saiwa ta samu. A soka tsinke a gefen shuka, a zuba, a take da ƙafa. Aikin ya fi cin lokaci, amma kuɗin na shiga inda aka nufa.

A karkarar da ke kewaye da birnin Kano gonaki ba sa hutu, kowace shekara ana noma su tun kaka da kakanni, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Wani Bature, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana nazarin dalili, abin da ya gani kuwa duk mun san shi: awaki da tumaki a turke, a ba su harawa, a kwashe takin a mayar gona, jakuna su shiga birni da itace su fito da mangalar taki. Mu ma muna kai takin gida, ba a fi mu sanin darajarsa ba. Sai dai tun cikin sanyi mukan jibge shi tsibi-tsibi a fili, rana ta yi watanni tana dukansa, kafin ruwa ya sauka ƙarfinsa ya ragu. Waɗanda suka fi cin moriyarsa rami suke haƙawa a inuwa. A shimfiɗa ƙaiƙayi da karmami, a bi da kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake wani hawa, a rufe da tsohuwar zana. Bayan kwanaki ka soka sanda ka zaro, ka ji ta da zafi, alamar yana nuna ke nan, kuma zafin nan yana kashe 'ya'yan ciyawa da yawa. A juya shi lokaci-lokaci, har ya huce, ya yi baƙi, wari ya tafi. Masu sayen bola daga cikin gari kuwa, don Allah a tsince leda da tsofaffin batura da kwalabe. Akwai gonakin da in garma ta wuce, leda ce ke fitowa fiye da saiwa.

Akwai kuma abin da muka rasa, wanda in aka ambace shi majalisa kan yi shiru. Da, ana gama girbi Bafulatani zai sauka da shanunsa a gonarka, su ci kara, su kwana a nan, yana matsar da su daga wannan gefe zuwa wancan, kai kuma ka ba shi damin dawa, matarsa ta kawo nono gidanka. Rashin tsaron da ya addabi Faskari da Sabuwa da Dandume ya sa tsoro da zargi sun shiga tsakani, mutanen kirki na kowane ɓangare suka janye jiki. Mun yi asarar rayuka da dukiya, gonakinmu ma sun yi asarar abin da ba a sayar da shi a shago. Inda duk aka san juna har yanzu, aka kuma yarda da juna, bai kamata a bar wannan hulɗa ta mutu ba.

Sai wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Furenta ja-ja mai kyau ne a ido, amma duk manomin da ya hange shi a cikin dawarsa gabansa faɗuwa yake. Kafin ta leƙo sama ta riga ta maƙale a saiwa ta sha abin da za ta sha. Tushe ɗaya kan zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, suna kuma iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ta fi son gonar da ta gaji, wadda ake jera mata masara bayan masara, dawa bayan dawa. Mukan tuge ta bayan ta yi 'ya'ya mu yar a kan iyaka, wato mun shuka wa baɗi ke nan. A tuge ta tun tana fure, a fitar da ita daga gona, ita kam a ƙone ta. Sannan a ba gonar waken suya ko gyaɗa ko auduga na damina guda. Masana na cibiyoyin binciken noma na IITA da Samaru sun nuna akwai irin waken suyan da saiwarsa ke sa 'ya'yan wuta-wuta su tsiro, su rasa inda za su kama, su mutu. In kana son ganin aikin waken suya da idonka, tuge tushe ɗaya lokacin da ya fara fure. Za ka ga 'yan ƙululai a jikin saiwa. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to yana jawo sinadarin nan na yuriya daga iska kyauta. Shi ya sa masarar da ta biyo bayan waken suya ko gyaɗa takan fi kyau.

Iyayenmu ba su san sunayen sinadarai ba, amma ba sa barin dawa ita kaɗai. Gero a ciki, wake a ƙarƙashi, gyaɗa da gicci, kuɓewa da yakuwa a gefe. A wani zamani an ɗauki wannan a matsayin rashin wayewa. Sai David Norman na cibiyar binciken noma ta Samaru ya bi ƙauyukan Zariya, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, a shekarun 1960, ya auna abin da ake kashewa da abin da ake samu, ya tarar gonar haɗaka ta fi riba a kan fili ɗaya, kuma in wannan ya ƙi, wancan ya rufa asiri.

Abin da ya kori haɗakar nan a wurinmu har da famfon feshi. Ƙwadago ya yi tsada, samari sun tafi acaɓa da birni, feshi kuwa mutum ɗaya zai gama da safe abin da gayya za ta wuni a kai. Wa zai ƙi? Amma in ka fesa atirazin a masara, wake ba zai zauna a ciki ba. Mata ne suka fara lura da sauran asarar. Ka ji Inna tana cewa: "Ɗan nan, yanzu a gonar babanku ko lalo da tafasa ba a samu, komai na miya sai an saya." Masu ɗora amya ma suna kukan zuma ta ragu. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne yaron da ke feshin. Ga shi da singileti da silifa, ba abin rufe hanci, famfo na yoyo a bayansa, ya dama magani da hannu, in ya gama ya wanke famfon a rafin da ake shayar da dabbobi, kwalbar kuma ta dawo gida a zuba mata mai ko ruwa. Hukumar NAFDAC ta sanar da hana maganin ciyawa na farakwat saboda haɗarinsa ga ɗan Adam. Yaya, in dole ne a yi feshi, saya wa ƙanenka takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci, a bi awon da ke jikin kwalba, a fesa da sassafe ba iska, a huda kwalbar a binne.

Haka nan wajen ajiya. Mukan zuba wa wake fiya-fiya don gudun ƙwari, alhali mu da 'ya'yanmu ne za mu ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar irin wannan magani. Ga buhun PICS mai ciki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ana samunsa a kasuwanninmu. A busar da wake sosai, a ɗaure kowane ciki daban, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba ko ɗigon magani.

Bishiyoyi kuwa muna ji muna gani suna tafiya a buhunan gawayi. Marke ya yi wuya, kaɗanya ta ragu, ɗorawar da ta rage duk tsofaffi ne, ba 'ya'ya a bayansu, don duk tohon da ya fito garma ko gatari ya share shi. 'Yan uwanmu na Maraɗi sun riga mu shiga wannan hali, ga ruwansu kusan rabin namu ne. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara toho ne na kututturan da saiwarsu ke da rai a ƙasa. Sai aka fara zaɓen rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a bar su su tashi. Sassabin zamani suke ce masa. Su ma ba su karɓa nan take ba, sai da suka ga masu yi suna samun itacen girki da abincin dabba, gero kuma bai ragu ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, yawanci a Maraɗi da Damagaram. Ba sayen dashe, ba ban ruwa. Za a ce inuwa na kashe masara, tan-tan kuma na son fili. Gaskiya ne, shi ya sa sai a bar su a kan iyaka da jefi-jefi a ciki, a riƙa rage rassa. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana.

Iyakar nan ma abin dubawa ce. Da gamba ake raba gona da gona, a samu ta zana, ita kuma ta tare ƙasa. Yanzu mun cinye iyakoki da garma don ƙarin kunya biyu, wasu kuma suna jan huɗa ta bi gangare maimakon ta gitta shi. Ruwa ɗaya mai ƙarfi, sai ka ga jar ƙasa na gudu a hanya da takin da aka zuba jiya. Kogin Sakkwato daga wannan yanki namu ya samo tushe, abin da ya bar gonakinmu rafuka da madatsai irin na Mairuwa yake cikewa.

Akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, ga kuma malaman gona na hukumar KTARDA. Roƙona gare su ɗaya ne. A rage taron ɗakin otal, a nemi gonar talaka wadda kowa ya san ta mutu, a bakin hanyar da ake bi, a raba ta biyu, rabi yadda aka saba, rabi da takin gida da juyin shuka da gamba a iyaka. A yi damina uku a jere, don ƙasa ba ta farfaɗowa a shekara ɗaya. In a gonar mai kuɗi aka yi, cewa za a yi kuɗinsa ne ya yi aiki.

Saura matsala ɗaya, wadda ba malamin gona ne zai warware ta ba. Da yawa daga cikinmu haya muke noma, ko aro, ko jingina. Wanda ya karɓi gona ta damina ɗaya ba zai kai mata amalanken taki ba, don ya san ƙarfinsa sai a shekara ta biyu da ta uku yake fitowa sosai, kuma ya sha ganin an gyara gona, mai ita ya karɓe ko ya ƙara kuɗi. Wani matashi a unguwarmu ya je wurin ƙanen mahaifiyarsa kan haka, ya durƙusa ya ce: "Kawu, gonar nan ta gangare ina son in yi mata hidima, amma ina tsoron in gyara a ba wani." Tsohon ya ce: "Ɗana, me kake so a yi?" Ya ce a ba shi shekara uku a kan kuɗi ɗaya. Kawun ya yarda, shi ma ya kafa nasa sharuɗɗan: ba ƙona kara, damina ɗaya cikin ukun ta waken suya ce, ba kuma a taɓa tohon ɗorawa biyun da ke gefen gabas. Suka je gaban mai unguwa da shaidu biyu, aka rubuta, kowa ya riƙe takardarsa.